Ranar da Tanki Ya Amsa wa Sabi'u Sallama

Ranar da tanki ya amsa wa Sabi'u sallama, ƙafarsa ɗaya tana kan tsani, ɗaya tana lilo a cikin duhu, ga buroshi a hannu, ga tocila ɗaure a goshi. Sana'arsa ke nan, wankin tankunan ruwa a birnin Kano, na saman bene da na ƙarƙashin ƙasa. Tun yana ƙarami uwarsa ta hore shi da cewa ba a shiga wuri, ko da kango ne, sai da sallama, domin rashin ganin kowa ba ya nufin babu kowa. Ya riƙe abin, ba don wani tsoro ba, baki ne kawai ya saba. Shekara da shekaru yana yi wa tankuna sallama, ba ya samun komai sai muryarsa ta dawo masa.

Ran nan kuwa, a ƙarƙashin wani rukunin shaguna da aka gina a kan tsohon kududdufi, sai ya ji wata murya mai sanyi kamar ruwan randa ta ce, "Amin, wa alaikumus salam, ya kai ɗan Adam. Ƙaraso. An daɗe ana jiran mai ladabi."

Da wani ne, da tuni ya watsar da buroshi ya haye sama, ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. Shi ma gabansa ya faɗi, ba za a yi masa ƙarya ba. Sai dai akwai abin da ya fito da shi daga gida wanda ya fi tsoron nan nauyi.

Uwarsa, Inna Tasallah, yanar ido ta rufe mata gani tun bara. Ya ɗauko ta daga ƙauye ya ajiye ta a ɗakinsa na haya a saman bene, inda babu kukan kaza, babu na akuya, sai ƙugin janareta. Matar da ta san kowace bishiya ta garinsu, ga ta nan a kan tabarma tana fuskantar bango. Kullum ya dawo da yamma sai ta ce, "Auta, yau me ka gano mini?" Shi kuwa gajiya ta ci shi, sai ya ce, "Ba komai, Inna. Gosulo ne kawai da zafin rana." Tun tana tambaya da zumuɗi, har ta koma tambaya don sabo, har ta daina. Da ta daina tambaya sai ta fara ture kwano. Barira matarsa ta yi dambu, ta yi fate, ta dama kunun tsamiya, duk a banza. An kai ta asibiti, likita ya ce bai ga ciwo ba. Da safiyar nan Barira ta biyo shi har bakin ƙofa ta ce, "Jiya ko kurɓa ba ta yi ba. Wai duniyar da babu abin kallo a cikinta, me za ta ci ta zauna yi? Wallahi, Baban Nafi, in ba ka samo mata wani abu ba, tsohuwar nan tafiya za ta yi."

Saboda haka Sabi'u ya yi bisimilla ya ƙarasa sauka. Kuma, a faɗi gaskiya, yana son ya ga wane ne.

A gindin tankin, inda ya kamata a ce bango ne na siminti, sai ga ƙofa a buɗe, da wani dattijo a zaune a bakinta. Gemunsa gansakuka ne, kore shar, yana ɗigar da ruwa, amma ɗigon sama yake tafiya.

"Ni ne mai tsaron ƙofar nan tun tana kududdufi," in ji dattijon. "Tun da aka cike ta da shara aka ɗora gini, babu mahalukin da ya gaishe mu sai kai. A al'adarmu baƙon da ya yi sallama yana da roƙo ɗaya. Faɗi naka."

Sabi'u ya durƙusa. "Baba, ni ba dukiya nake nema ba. Uwata ce ba ta gani, ta daina cin abinci. Abin mamaki nake so a nuna mini, in je in ba ta labari."

"A duk faɗin birninku babu abin mamaki?"

"Wallahi babu, Baba. Mota ce, sai hayaƙi, sai kwata."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa, kamar mai tausayi, kamar mai danne dariya. "Shige. Sharaɗinmu ɗaya ne. Kada ka ɗauki abin da ba a ba ka ba."

Sabi'u ya ce a ransa, wannan ai mai sauƙi ne, shi da yake shiga gidajen manya bai taɓa ɗaukar ko cokali ba.

Bayan ƙofar akwai matattakala ta ruwa tsantsa, amma tana ɗaukar ƙafa. Ya yi ta sauka, yana tsayawa yana latsa ta da yatsa don ya ga ko za ta fashe, har ya iso bakin wani kogi. Tun daga nesa kunnensa ya fara zafi. Kogin ba ruwa ne yake gudu a cikinsa ba, ƙara ce: odar motoci, ƙugin janareta, ihun 'yan kamasho, kukan injin markaɗe, duk sun cakuɗe suna tumbatsa. A gaɓa wani dogon mai fito yana tsaye a cikin kwalekwale. Ba shi da kunne ko ɗaya, wurin sumul yake.

Mai fiton ya ce, "Ya kai ɗan Adam, duk hayaniyar da kuke yi a sama, nan take tsiyayowa. Ku kuke yi, mu muke haye ta. Shiga. Duk abin da ka ji, kada ka tanka, in ka tanka mun kife."

Suna kaiwa tsakiya sai wasu kifaye masu manyan bakuna suka taso suna dukan kwalekwalen. Kowane ya buɗe baki sai zagi ya fito. Sabi'u ya saurara, ashe muryarsa ce. Duk baƙar maganar da ya taɓa yarɓa wa mutane a kan titi, ga ta nan ta yi ƙiba ta yi ƙaya. "Matsa mana, ɗan ƙauye!" "Titin na ubanka ne?" Wani ƙaton kifi ya ɗago kai dab da fuskarsa ya daka tsawa, "Kai makaho ne?" Wannan ya fi faɗa wa direbobi, kusan kullum, sannan ya koma gida ya gaishe da uwarsa. Kunya ta kama shi, bakinsa ya buɗe zai ce ba haka yake nufi ba, kwalekwalen ya karkata har ƙarar ta taɓa masa gwiwa. Ya cusa gefen rigarsa a baki ya cije. Da haka suka kai gaɓa.

Yana taka ƙasa sai shiru ya sauko masa, irin wanda rabonsa da shi tun yana kiwon awaki. Ga wani daji a gabansa, itatuwa manya-manya, tsamiya da rimi da kuka da ɗorawa. Ya dubi wata tsamiya mai reshe a karye, ya ce a'a, wannan ai ya san ta. Ita ce ta bakin tasha, wadda aka sare aka kafa gidan mai. Can kuma ga rimin da ake ɗaure jakuna a gindinsa. Ashe duk bishiyar da aka sare a birni, nan take zuwa ta ci gaba da rayuwarta. A ƙarƙashinsu mutanen ƙasar suna ta kai da komo, wasu dogaye har kansu yana shiga ganye, wasu ba su wuce tulu ba. Kowa ya gifta sai ya gaishe shi, ya kalli takalminsa na roba da mamaki.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne haske. Babu rana, babu wata, amma ko'ina tar. Ya tambayi wata guntuwar tsohuwa mai tallar furanni a faifai, ta nuna masa da haɓa. A ƙololuwar rimin nan wata tsuntsuwa take zaune, girmanta ya kai na raƙumi. Duk sa'ad da ta kaɗa fiffike sai haske ya zubo ya bazu a dajin. Ita ce ranarsu.

Sabi'u ya saki baki. Numfashi ɗaya ya yi yana kallonta. Sai hannunsa ya tafi aljihu da kansa, kamar yadda hannun kowa yake yi a zamanin nan, ya zaro waya, ya saita, yana fargabar kada caji ya ƙare, ya danna. Ka ji wauta: hoto zai kai wa makauniya!

Ƙyas ɗin da wayar ta yi, shi ke nan. Reshen ya zama wayam. Duhu ya rufto wa dajin, furannin tsohuwa suka tsuke, aka fara salati ta ko'ina. Kafin ya mayar da wayar aljihu, wasu hannuwa masu sanyi sun ɗaga shi sama, ba su dire shi ba sai a gindin wata kuka, gaban Magajiya, mai mulkin ƙasar. Ba ya ganin fuskarta, sai ƙyallin idanunta da hasken tocilar goshinsa da ya fara rauni.

"Ya kai baƙo," in ji Magajiya, "da me aka yi maka sharaɗi a ƙofa?"

"Ranki ya daɗe, ban ɗauki komai ba. Hoto ne kawai. A wurinmu kowa yana yi."

"Ku kuka kira shi ɗauka, ba mu ba. An ba ka kallo, ka ƙi, ka ɗauki abin da ba a ba ka ba. Fito mana da ita."

Ya buɗe wayar. Babu komai sai baƙi ƙirin. Ya girgiza ta, ya hura mata iska, ya goga ta a riga, kamar hakan zai yi wani abu.

Magajiya ta ce, "Hanyar dawowarta ɗaya ce. Wanda ya ɗauke ta ya siffanta ta da bakinsa, gaɓa-gaɓa, yadda ya gan ta. Abin da ya faɗa daidai zai dawo. Abin da ya ƙaga zai fito a karkace, ya zauna haka har abada. In ka kasa, za ka zauna tare da mu a cikin duhun da ka jawo, mai jiranka kuma ta yi ta jira."

Mai jiransa. Ya tuna kwanon da aka ture, hankalinsa ya tashi. Ya yi gyaran murya ya ce, "Tsuntsuwa ce babba. Kyakkyawa ce ƙwarai. Kai, ba a magana."

Duk da baƙin cikin da ake ciki, sai da wani ya tuntsire da dariya a cikin duhu. Reshen rimi ko motsi bai yi ba.

"Haka kake ba uwarka labari?" in ji Magajiya. "Dole ta ture kwano."

Maganar ta soke shi, amma ita ce ta cece shi. Ya tuna lokacin da yake yaro, in ya dawo daga kiwo ya ce ya ga tsuntsu, Inna ba ta barinsa haka. Tana tankaɗe tana tambaya: a kan me ya sauka? Da wace ƙafa ya tsaya? Wuyansa fa? Ta ina rana ta bugo shi? Ba ta ba shi fura sai ya amsa duka. Ya rufe ido, ya bar muryarta ta yi masa tambayoyin, ya koma wa numfashi ɗayan nan da ya yi kafin hannunsa ya tafi aljihu. Ashe ido ya kwashi abin da mai shi bai sani ba.

"Da ƙafar hagu ta tsaya," ya ce a hankali. "Ta dama tana sosa wuya da ita. Ƙafafun jajaye ne, amma akaifun farare."

Aka ji ƙaras a saman rimi. Wani ya ce, "Ga ƙafa! Wallahi ga ƙafa!"

"Wuyanta fa?" in ji Magajiya, kuma muryarta ta sauya, ta zama ta mai son ji.

"Wuyan, ranki ya daɗe, kin san zane in an tsamo shi daga karofi, yana fitowa kore, iska tana bugunsa yana komawa shuɗi? To haka yake, yana tsakanin biyun, bai gama zama ko ɗaya ba."

Wuya ya fito. Sai ya ji bakinsa ya sake. Ya faɗi ƙirjin, ya faɗi tukkun da ya kwanta gefe guda, ya faɗi wutsiyar da gashi ɗaya ya fi sauran tsawo ya lanƙwashe. Ya ce cikin fiffiken ruwan gwanda nunanniya ne, kuma hasken ba kwarara yake ba, yana zubowa ne tsaba-tsaba kamar ana sheƙar gero. Yana faɗa abin yana bayyana, gari yana washewa, har ya soma ganin fuskar Magajiya, tsohuwa mai zane a kumatu. Shi kansa daɗi ya kama shi, irin daɗin da ya manta akwai shi a duniya.

"Saura ido," in ji Magajiya.

Sabi'u ya lalubi ƙwaƙwalwarsa sama da ƙasa, babu. Daidai lokacin da zai kalli idon ne wayar ta shiga tsakani. Zuciya ta ce masa, ka ce baƙi ne mana, wane tsuntsu ne ba shi da baƙin ido? Ya buɗe baki, ya tuna abin da aka ce game da ƙage, ya dubi halittar nan da ya gina da bakinsa, ya ji ba zai iya ɓata ta ba.

"Ranki ya daɗe, ban kalli idonta ba."

Tsuntsuwar ta kaɗa fiffike, haske ya cika dajin. Amma inda idanu ya kamata su kasance, fari ne fat. Ta juya kai hagu, ta juya dama, tana neman abin da ba za ta gani ba. Sabi'u ya san wannan juyin kan. Kullum yana ganinsa a kan tabarma a gida, yana kau da fuska. Hawaye suka zubo masa.

"Ka dawo mana da rana, amma makauniya," in ji Magajiya. "Da ka yi ƙarya, da babu gyara. Tunda gaskiya ka faɗa, akwai. Ga hukuncinka. Duk tankin da ka shiga, bayan sallama, ka faɗa mata abu ɗaya da ka kalla da kyau a birninku. Duk gani na gaskiya zai mayar mata da ɗigon ido. In ka daina, za ta gaji da haska abin da ba ta gani, ta naɗe fiffike."

"Na ɗauka. Amma uwata fa? Yanzu ai na sami abin ba ta labari."

"Abin da aka gani a ƙasa, a ƙasa yake zama. Kana hawa tsani harshenka zai ɗaure a kansa."

Sabi'u ya ce, "To me zan kai mata? Don ita na zo!"

"Tsakanin tanki da gidanku babu hanya?" in ji Magajiya. Ta ɗaga hannu, iska ta nannaɗe shi.

Ya farfaɗo a gindin tankin, buroshi a gefensa, bango ya koma siminti. Ya hau sama ya tarar la'asar ta yi sanyi. Ya gwada faɗa wa mai gadin shagunan abin da ya gani, harshen ya ƙi, sai tari. Ya ɗaure tsaninsa a babur ya hau titi, zuciyarsa a cunkushe. A mahaɗar bakin tasha cunkoso ya tsayar da shi kamar kullum. Wani mai adaidaita ya goge shi, zagin ya taso har maƙogwaro, ya tuna kifi, ya haɗiye. Da ya rasa abin yi da bakinsa, sai ya ɗaga kai.

A bayan gidan man nan akwai dogon ƙarfen sabis. Ya wuce shi ba adadi. Yau sai ya ga balbelu suna dawowa kwana a kansa, jeri-jeri, daga wajen mayanka. Hannunsa ya tafi aljihu. Ya tsayar da shi, ya mayar kan babur. Ya kalla, ya yi ta kallo, har na bayansa suka dame shi da oda.

Ya sami Inna a kan tabarma, fuska a bango, kwano a rufe a gefenta. Ta rame har zobenta yana juyawa a yatsa. Ya zauna kusa da ita, wannan karon yana kallon fuskarta sosai.

"Inna, yau ba ki tambaye ni ba."

"Me zan tambaya, Auta? Gosulo ne da rana."

"Balbelu na gani."

Can ta ce, "A garin nan? A kan me suka sauka, tunda kun sare itatuwan?"

"A kan ƙarfen sabis, Inna. Dogo ne, ya fi rimin ƙofar gidanmu. Tun da babu tsamiyarsu, shi suka mayar gida. Sun rufe shi fari fat, kamar audugar da ta fashe."

Ta juyo da kai kaɗan. "Ta ina rana ta bugo su?"

"Ta yamma, ta cikin hayaƙin motoci. Sai na sama suka koma ruwan goro, na ƙasa suna nan farare. Akwai wata da ta zo a makare, ta rasa wuri, ta yi ta zagaye, har wata ta matsa mata."

"Allah sarki. Da wace ƙafa ta sauka?"

"Da ta dama. Ta hagun ta naɗe ta a ciki."

Inna Tasallah ta dafa ƙasa ta tashi zaune. Barira, da take leƙe daga bakin ƙofa, ta toshe baki da mayafi.

"Idonta fa?" in ji tsohuwar. "Kai tun kana yaro ba ka kallon ido."

"Na kalla, Inna. Sai da ta sauko ƙasa-ƙasa na kalla. Rawaya ne kamar ƙwanduwar ƙwai, da ɗigon baƙi a tsakiya."

"Tubarkalla," in ji Inna. Ta sake faɗa, a hankali, tana murmushi, idanunta farare suna kallon wani wuri can sama da rufin ɗakin. Sannan ta miƙa hannu tana lalube a gefen tabarma. "Ke Barira, kunun nan ya huce. Ɗumama mini. Kai kuma gobe ka duba mini ko mai makarar nan ta sami wurinta da wuri."

Washegari aikinsa a wata unguwa ce daban, tankin wani asibiti. Ya sa ƙafa a tsani, ya yi sallama, ya ba duhu labarin balbelu tun daga ƙarfe har ƙwayar ido. Ba a amsa ba. Amma da ya yi shiru, can ƙasa da siminti ya ji an kaɗa fiffike sau ɗaya. Ya ɗauki buroshinsa ya kama aiki da sauri, don yana so ya riski bakin tasha kafin rana ta faɗi.